Bangon da Na Hana Ruwa

Mahaifina maginin ƙasa ne a Bakura, shi ma a hannun nasa mahaifin ya koya. Abin da aka fara cusa mini tun ina miƙa tubali shi ne ruwa ba ya nufin gini da alheri. Da ruwa ake kwaɓa ƙasa, amma da zarar an mulmula tubali sai a jera shi a rana, a bar shi ya sha zafi har ya riƙa ƙara in an ƙwanƙwasa. In hadari ya taso muna da ɗanyen tubali a fili, kowa a gidanmu gudu yake yi da zana da tabarma, har mahaifiyata. Na taɓa ganin mahaifina ya kori ƙanensa da faɗa saboda ya yi alwala kusa da jerin tubali. Da wannan karatu na girma, kuma ban taɓa jin an ce akwai ginin da ya fita daga cikinsa ba.

Boko kuwa firamare na yi, ban ma ƙarasa ba. Ina karanta Hausa ina rubuta ta, Turanci sai abin da ba a rasa ba.

Da aka fara aikin dam ɗin Bakolori ina da mata da ƙananan yara. Talata Mafara ta cika da baƙi da manyan motoci, siminti ya shigo ƙasarmu kamar an ɓalle masa ƙofa. Duk wanda ya iya riƙe cokalin gini ya koma birkila. Ni ma na bi wani birkila na ɗan lokaci, na koyi jera bulo da ɗaure kusurwa. Sai dai bulon da muke aiki da shi a buge ake kawo mana shi, a bushe. Ban taɓa tsayawa inda ake buga shi ba, ban kuma tambaya ba. Ɗan magini jikan magini, me zan tambaya?

Wani Alhaji ɗan kwangila a Talata Mafara ya sami aikin gina sito-sito na ajiye taki a sababbin matsugunan da aka yi wa mutanen da ruwa ya tasa daga garuruwansu. Ya san mahaifina, sai ya ba ni guda ɗaya a wajen Maradun, ya ce in buga bulona in gina, in na gama ya biya ni. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini. Ya ce masu aikin ba sa yarda a sa cebur a ƙasa sai da takardar inshora.

Mai inshorar mutumin Gusau ne, siriri mai tabarau. Ranar Talata yake zuwa Talata Mafara, ya zauna a kan benci a gaban wani shagon magani da jakarsa a cinya. Zan faɗi gaskiyarsa, bai ɓoye mini komai ba. Ya buɗe takardar ya bi ta layi-layi yana juya mini da Hausa. Ni kuwa hankalina na can wajen masu yashi da nake so in kama kafin kasuwa ta watse. Abin da kunnena ya ɗauka shi ne in wani abu ya faru a wurin aiki za su biya.

Ya ce, “Malam magini, ka ji inda na karanta yanzu? Wanda ya yi maganar aikin hannunka?”

Na ce, “Na ji, Malam. Hannun nan ba yau ya fara ba.”

Ya dube ni ta saman tabarau, ya miƙo mini biro. Na sa hannu, na naɗe takardar na cusa a aljihun ciki kamar laya.

Sabon matsugunin fili ne fetal, ba inuwa, an yanka shi layi-layi. Mutanensa sun saba da bakin gulbi da kuka da tsamiya, ga su an ajiye su a kan jangargari. Filin siton ya yi iyaka da gidan wata tsohuwa. Gida dai sunansa gida, amma ɗaki ɗaya ne da danga, sai wani ɗan rumbun ƙasa da aka yi masa hular ciyawa da kyau. Mijinta ya rasu tun kafin a tashe su, ɗanta yana gadi a Gusau. Tun ranar farko na kira ta Inna, ita kuma ta laƙaba mini sarkin gini, tana faɗa tana dariya.

Kullum da hantsi sai ta miƙo mana ƙwaryar kunu ta saman danga. Wata rana na ce mata, “Inna, rumbunki ya fi ɗakinki kyau. Ko can kike kwana?”

Ta ce, “Mai gidan ne a ciki, dole a yi mishi gyara.”

Ta ɗaga hular rumbun ta zaro zangarniya ɗaya ta nuna mini. Gero ne dogo mai gashi, irin wanda tsuntsu ba ya iya zama a kansa. Ta ce irin gidan mijinta ne, surukarta ce ta damƙa mata shi, ita ma haka aka damƙa mata. Ranar da motar kwashe kaya ta zo, ta bar gadonta da turminta, ta ce a fara loda dammunan nan. Gonar da aka noma shi tana ƙarƙashin ruwa, tare da kabarin mijin. An ce za a ba su wata gona, ba a dai ba su ba tukuna. Tana sayen hatsi a kasuwa ta ci, amma wannan ba ta taɓa shi.

Ta mayar da zangarniyar, ta dubi igiyar da na ja ta tushen gini. Ta ce, “Sarkin gini, bangon ga bai matso ma rumbuna da yawa ba?”

Na ce, “Inna, wannan siminti ne. Jikokin jikokinki za su zo su tarar da shi.”

Bulon a wurin muka buga shi, da bazara, rana kamar ta sauko ƙasa. Muna bugawa ina sa a jera a fili ya bushe. Cikin leburorina akwai wani dattijo da ya taɓa aiki a wajen turawan dam. Ya ce mini a can safe da yamma ake yayyafa wa bulo ruwa, har buhu ake jiƙawa a rufa masa. Na yi dariya har na riƙe ciki. Na ce turawa ruwa ne ya yi musu yawa, sun tare gulbi guda sun rasa yadda za su yi da shi. Na ce duk wanda na ga ya kusanci bulona da ruwa a bakin aikinsa. Dattijon ya ce to, ya ɗauki kwanon sarkinsa na ɗibar yashi. Akwai kuma abin da ban faɗa musu ba. Ruwa a wurin da tsada, a jaki ake kawo shi, na ga in na bi ta dattijon ribar za ta tafi a garwa.

Bulon ya bushe fari fat, na ji daɗi. Muka ɗaga bango har ya kai inda za a ɗora katako. Kafin a kawo kwanon rufi sai ga ruwan farko.

Da la'asar ya zo, da iska a gabansa. Muna fake a rumfar wani mai shayi muna kallo. Bangon da ke gefen Inna ya ɗan yi ciki, kamar mutum zai rusuna, sannan ya tafi gaba ɗaya. Da ruwan ya tsagaita muka ruga. Inna na tsaye a ƙofar ɗakinta, ko ƙwarzane ba ta yi ba, Allah ya tsare. Amma babu danga, babu rumbu, sai tsibin fasasshen bulo da ciyawar hular tana leƙowa ta ƙasa.

Maƙwabta suka fito da fartanya da kwanduna za su fara tono. Ni ne na tare su. Na ɗaga hannu na ce kada kowa ya taɓa ko tsakuwa ɗaya sai mai inshora ya zo ya gani da idonsa, in ba haka ba ba za su biya ba. Na ciro takardar daga aljihu na nuna.

Da a wani gari ne da sun ture ni sun yi tononsu. Amma mutanen nan sun sha wuya a kan irin wannan magana. A cikinsu akwai wanda ya sare itacensa kafin ma'aikata su zo ƙirga, ya rasa diyya. Akwai wanda ya kwashe azarar ɗakinsa da wuri, aka ce ba a ga ɗaki ba. Sun koyi cewa abin da takarda ta shiga ba a taɓa shi. Suka ajiye fartanyu. Inna ta dube ni, ta dubi tsibin, ta ce, “Ba za shi daɗe ba ko, ɗan nan?”

Na ce gobe-goben nan.

Bai zo gobe ba. Na aika Gusau, aka ce ya yi tafiya. Na jira shi ranar Talata a gaban shagon maganin, na same shi, ya ce sai ya sami mota. A tsakanin nan an sake yin ruwa. Duk kwanakin nan lissafin bango nake yi, buhu nawa zai ci, yashi nawa, da yadda zan ce iska ce. Na je wurin na dawo ba sau ɗaya ba, ina gaishe da Inna daga nesa, ban tambaye ta geronta ba.

Ranar da ya zo, ya gaisa da Inna gaisuwa mai tsawo, ya yi mata jaje, sannan ya zagaya tsibin. Ya ɗauki gutsuren bulo ya murza da yatsa biyu, ya zube kamar garin ƙuli. Ya je bangon da bai faɗi ba ya karce shi da makullin jakarsa, yashi ya zubo.

Ya ce, “Kwana nawa kuka ba shi ruwa bayan bugawa?”

Na ce, “Ruwa kuma? Ai iska ce ta kayar da shi, kowa ya gani.”

“Iskar ta bi ta kan ɗakin Inna na ƙasa ta bar shi tsaye.” Ya kaɗe hannunsa. “Siminti ba tubali ba ne, Malam. Da ruwa yake nuna. In ka bar shi a rana tun yana ɗanye, ƙonewa yake yi.”

Ya ja ni gefe don kada leburori su ji, na kuwa gode masa da wannan har yau. Ya ce dangar Inna da rumbunta da hatsin da ke ciki za su biya, don ɓarna ce da aikina ya yi wa wani. Bangon kuwa, da wanda ya faɗi da sauran ukun da dole a rushe, wannan nawa ne.

Na ce, “To me na saya da kuɗina?”

Ya ce, “In jakinka ya shiga gonar maƙwabci ya yi ɓarna, mu za mu ba maƙwabcin haƙuri da kuɗi. In kai ka hana jakin ruwa ya mutu, ba za mu saya maka wani ba. Da muna biyan wannan, wa zai ƙara wahalar da kansa ya yi aiki mai kyau? Na karanta maka wurin, ka ce hannunka ba yau ya fara ba.”

Sai ya juya ya dubi tsibin, ya tambayi abin da ya sa ba a tone hatsin baiwar Allah ba. Na ce ni na hana, don ya gani. Ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa. Ya ce, “Wannan ko shaidar mai unguwa ta ishe ni. Ba sai na gani ba.”

Na koma Bakura ina huci, ina zagin inshora da wanda ya kawo ta. Matata tana tankaɗe, ta bar ni na gama. Ita 'yar Dosara ce, 'yar manoma. Ta ce, “Malam, na ji bango. Geron tsohuwar fa?”

Na ce za a biya ta.

“A wace kasuwa za ta sayo shi?”

Ta ajiye rariya ta ce in nemo mota, da safe tare za mu tafi.

Mun tarar Inna ta fara tono ita kaɗai da hannu. Muka sa hannu, maƙwabta suka zo, dattijon lebura ma ya zo ba a kira shi ba. Da muka kai ga rumbun wari ya bugo mu. Dammunan sama sun yi baƙi, sun yi fumfuna, in ka taɓa sai su narke. Inna tana ɗaga su ɗaya-ɗaya tana ajiyewa a gefe a hankali, kamar masu barci. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma dube ni ba. A can ƙasa, inda wani ɓangaren cikin rumbun ya kife ya yi rumfa, muka sami 'yan zangarniyoyi da ba su ruɓe ba. Sun jiƙa, ƙwayoyin sun kumbura, wasu har sun fito da farin baki.

Matata ta murza ɗaya a tafin hannu ta ce, “Inna, wannan ba zai koma rumbu ba. Ƙasa yake nema, yau ko gobe.”

Inna ta ce, “Ɗiyata, ƙasar wa?”

Gonarmu ta gado a Bakura a lokacin katafila ta bi ta kanta ana gyaran filin ban ruwa, ba a mayar mana ba tukuna. Ba ni da inda zan shuka shi. Matata ce ta ɗaure geron a gefen zanenta ta ce mu tafi Dosara wurin mahaifinta.

Surukina mutum ne mai ƙarancin magana. Na durƙusa na faɗa masa komai, har da hana tonon, don na san in ban faɗa ba 'yarsa za ta faɗa. Ya saurara, ya karɓi zangarniya ɗaya ya shafa gashinta. Ya ce ya san irin, yana yaro ana kawo shi daga ƙauyukan bakin gulbi. Ya tashi ya kai mu gefen gonarsa ta tudu inda ya yi niyyar sa gyaɗa, ya auna da ƙafa, ya ce daga nan zuwa gawon can na Inna ne. Ni na riƙe sungumi ina sara, Inna na bina tana jefa iri tana rufewa da diddige. Bai ma cika wurin ba. Da muka kai ƙarshe ta karkaɗe zanen a ramin ƙarshe, ta ce, “To, mai gida, ga baƙunta.”

Kuɗin inshora sun zo mata daga baya. Ta sayi hatsin ci, aka yi mata danga. Sabon rumbun ni na gina mata, da ƙasa, yadda mahaifina ya koya mini, nesa da bango.

Siton kuwa sai da na rushe shi har ƙasa. Alhaji ya ce ko in gyara ko ya ba wani, kuma ba zai ƙara ko kwabo ba. Kekena ya tafi, tumakin matata suka bi shi. Na nemi dattijon lebura na ce ya nuna mini yadda ake yi, ya nuna ba tare da ya tuna mini da komai ba. Sabon bulon muka rufa masa buhuna. Da sassafe in na iso sai in tarar buhunan a jiƙe. Inna ce, da 'yar butarta da ƙwarya, tana bi layi-layi tana yayyafi. Na ce ta bari, aikin lebura ne.

Ta ce, “Bari in ba su da kaina. Na ga ubansu rowar ruwa gare shi.”

Wannan ce kaɗai maganar da ta taɓa yi mini a kan abin, kuma da dariya ta yi ta. Na so ta zage ni, da ya fi mini sauƙi. Wata rana na ce, “Inna, ki yafe mini.” Ta ce in miƙo mata butar.

Shekarun nan sun zo wa mutanen ƙasarmu da baƙin ciki mai yawa a kan gonaki, wanda ya fi nawa nesa ba kusa ba, kuma akwai waɗanda suka fi ni cancantar ba da labarinsa. Ni abin da na sani shi ne duk ranar Juma'a bayan masallaci nakan bi ta Dosara in duba geron, in zo in ba Inna labari. Rabinsa bai fito ba. Wanda ya fito ya yi gibi-gibi kamar bakin tsoho. Takan tambaye ni ya kai ina, in nuna mata a jikina, gwiwa, ƙugu, kafaɗa. Da ya fitar da kai na karyo mata ɗaya ɗanye. Ta shafa gashin a kumatunta ta ce shi ne.

Da kaka muka ɗaure abin da aka samu, surukina ya ɗora a jakinsa. Bai kai abin da na binne mata ba, ko kusa. Ta zuba a sabon rumbun da hannunta, sai ta ware zangarniyoyi masu kyau ta kasa biyu. Kashi ɗaya ta ce a mayar wa mai gonar. Ɗayan ta miƙa wa matata, ba ni ba.

Ta ce, “Ajiya wuri ɗaya ba ajiya ba ce, na gani. Riƙe wanga, ɗiyata. Kar ki aje shi kusa da ginin mijinki.”

Inna ta rasu kafin a ba ta gonar da aka yi mata alkawari. Matata ma ta riga ni, Allah ya jiƙansu. Geron yana nan a Dosara da Bakura, yaranmu suna ce masa geron Inna, yawancinsu ba su san wace Inna ba. Bana ma babbar 'yata ta aiko mini da zangarniyar farko. Na rataye ta a azarar ɗakina, inda ruwa ba ya kaiwa.